"To" Ba Amsa Ba Ce a Bakin Ruwa

Tun da na dawo hutu Maraɗi ban sha shayi da daɗi ba a fadarmu. Da na zauna sai wani ya ce, "Mutumin Paris, ba mu labari." In na fara, sai wani ya iso a makare ya ce a koma farko. Ranar Juma'a har mai gyaran babur na bakin titinmu ya tare ni, wai da gaske ne na sa Bature ɗaukar kaya a ka? Ba a ka ya ɗauka ba, a hannu ne, amma dai ya ɗauka. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta, ko na samu in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mamman, aikina kuma kiyaye haɗari ne a wata tashar jiragen ruwa da ke bakin teku, can kudu, inda kayan 'yan kasuwarmu ke sauka kafin su hau mota zuwa gida. Na san abin da za ku ce, don an faɗa mini har na gaji: me ya haɗa ɗan Maraɗi da teku, mutumin da gulbin garinsu ke ƙafewa da rani? Ku je bakin tashar nan da safe ku kasa kunne. Da yawa daga cikin masu kama igiya su ɗaure jirgi, Hausa suke yi.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Malam Isuhu, mutumin Tasawa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Igiyar ɗaure jirgi ba irin ta guga ba ce. Kaurinta ya kai damtsen ƙato, kuma in ta tsinke ana cikin ja, dawowa take da ƙarfin da ke lanƙwasa ƙarfe. Wata rana shugaban aiki ya yi wa Malam Isuhu magana da Faransanci ta rediyon hannu, ya ce ya matsa daga inda yake tsaye, za a ja. Ga ƙarar inji, ga iska, bai ji sosai ba. Ya ce, "To." Shugaban ba Bahaushe ba ne, amma ya tsinci cewa "to" na nufin an yarda, sai ya ba da izini. Igiya ta tsinke, ta tafi da ƙafar Malam Isuhu daga gwiwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta biyo baya: wai sakacinsa ne, an gaya masa, ya amsa, ya ƙi matsawa.

Ku da kuka sha Hausa a nono kun san "to" ba ɗaya ba ce. Akwai ta "na yarda", akwai ta "ci gaba ina saurare", akwai ta "ka dame ni", akwai kuma wadda ƙarami ke ba babba don kada ya ce masa ya maimaita. Wannan ta ƙarshe ce ta ci ƙafar Malam Isuhu. Saboda haka da aka gayyace ni Faransa, cikin wani kwamiti da ke rubuta ƙa'idojin aiki a tashoshin ruwa, abu guda na sa a gaba: a rubuta cewa duk wanda aka ba umarni a kan igiya sai ya maimaita shi da bakinsa, da harshen da yake ji, kafin a ja. Kafin in tashi na kira shi a waya. Bayan mun gaisa ya ce, "Mamman, ƙafa dai ta tahi, ba ta dawowa. Amma ka gaya musu ni ba wawa ba ne. Kunya na ji."

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza ba, kowa ya san halin da ake ciki. Mun yada zango a Kasablanka, muka sauka Paris da hantsi, sanyi ya mare ni tun daga ƙofar jirgi. Mai duba fasfo ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce taron tashoshin jiragen ruwa. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya ce, "Nijar? Kuna da teku ne?" Na ce ba mu da shi, amma muna da mutane a bakinsa. Ya yi ɗan murmushi ya buga hatimi. Ina murna na wuce lafiya, sai ga wani kare ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Kilishin da na ɓoye cikin riguna, tsarabar ɗan kawuna Lawali, shi ya tona. 'Yan duwan, wato kwastan, suka ce ba a shiga da nama, suka karɓe da ladabi ƙwarai, har da godiya. Karen nan ya bi ledar da ido, ni ma na bi ta da ido.

Lawali yana aikin kwamfuta a Paris, kuma tun ina gida na gaya masa ranar saukata, na ce ya zo ya tarye ni, ya ce, "To, Yaya." Na fito na duba gabas na duba yamma, babu Lawali. Na kira shi.

"Yaya, ka iso? Sannu da hanya! Je suis au boulot, ina wurin aiki wallahi, ba a barin mu hita."

"Ba kai ka ce mini to ba?"

"Ai na ce to, Yaya, ban ce zan zo ba. Na ji nauyin in ce maka ba zan iya ba."

Na tsaya riƙe da waya, na rasa ko in yi faɗa ko in yi dariya. Abin da na taso yaƙi da shi tun daga bakin teku, ga shi ya riga ni sauka Faransa.

Da kwatance na hau jirgin ƙasa zuwa La Courneuve, unguwar su Lawali. Da na shiga na yi sallama kamar yadda aka koya mana, kowa ya sunkuyar da kai cikin wayarsa sai ka ce na zo roƙo. Wani dattijo ɗan Mali ne kaɗai ya amsa, shi ne kuma ya nuna mini inda zan sauka, har ya kama mini jaka a matakala. Ɗakin Lawali yana can sama a ɗaya daga dogayen benayen unguwar, kuma ranar asansar, wato na'urar hawa bene, ta lalace. Ina hawa ina haki, kowane hawa da ƙamshin tukunyarsa: nan kifi da shinkafa irin na Senegal, can miyar gyaɗa, gaba kuskus. Na ce lallai yau akwai cin daɗi. Da Lawali ya dawo sai ya ajiye mini burodi da wani cuku mai warin da in a gida ne za a ce a fitar da shi waje. Ya ce ai shi ne mai tsada. Na ci don yunwa, ina tuna kilishina.

Zauren taron yana kallon kogin da ya ratsa birnin. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba a gaisuwa. "Bonjour" guda, an buɗe takardu. Ba wanda ya tambayi iyalin wani, ba wanda ya tambayi gajiya. Wata yarinya da ba ta wuce 'yar cikinsa ba ta kira shugaban kwamitin da sunansa tsirara, Yannick, shi kuwa ko a jikinsa. Ni na kasa, Kyaftin nake ce masa. Dattijo ne mai farin gemu, ya yi rayuwarsa yana shigo da manyan jirage tasha, kuma in gaskiya za a faɗa, ya san ruwa. Na ƙaru da 'yan kwamitin sosai. Sun tsara inda za a shafa fenti a ƙasa don kowa ya san wurin da igiya ke dawowa in ta tsinke, da irin hular da za a sa, da wanda ke da ikon tsayar da aiki. Sai dai suna iya kwashe safiya guda suna gardama a kan waƙafi.

Da aka zo kaina na miƙe, na ba da labarin Malam Isuhu, na yi bayanin "to" iri-iri, har da sauya murya. Aka yi dariya, ta jin daɗi ce ba ta raini ba, amma dariya ba ita na zo nema ba. Kyaftin ya shafa gemu ya ce, "Abokina, labarin akwai ban tausayi. A cikin jirgi mun daɗe muna maimaita umarni. Amma a bakin tasha alamar hannu da amsa guda sun isa. In kowane mai igiya sai ya yi karatu kafin a ja, jirgi zai kwana a waje. Wannan matsalar fassara ce kawai. Ku koya wa mutanenku cewa 'to' ita ce 'oui', wato 'e', shi ke nan." Ya sa shawarata cikin waɗanda za a soke a zaman ƙarshe, wanda za a yi a Lyon bayan mun kalli gwajin ɗaure jirgi a bakin kogi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito ina tafiya a gefen ruwan nan ban ma san inda na nufa ba, maganar Malam Isuhu tana yi mini yawo a kai. Ya aiko ni da saƙo guda, na isar, an yi dariya an wuce. Na fara tunanin da wace fuska zan je Tasawa.

Lawali ya ga yanayina, ya ce in na je Lyon lallai in sauka wurin Hajiya Zainabu, ƙawar innarmu, 'yar Damagaram da ta daɗe a Les Minguettes, ko na samu tuwo ya wanke mini zuciya. Na ce ya kira ta ya gaya mata ina zuwa ranar Lahadi. Ya ce, "To." Na ce, "A'a, maimaita." Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya maimaita, ya kuma kira ta a gabana.

A jirgin ƙasan Lyon, mai gudun da bishiyoyi ke wucewa ba ka gane su, Allah ya sa kujerata kusa da ta Kyaftin. Ya ciro burodinsa da nama ya kama ci, ko "bismilla" bai ce mini ba. Ba rowa ba ce, haka al'adarsu take, amma sai da na haɗiye abin da ƙyar. Ni kuwa na ciro ƙuli-ƙulin da kare ya yafe mini, na miƙa masa. Ya gutsura, haƙori ya yi ƙara, ya ce wannan ai da shi za a iya toshe ɓular jirgi, ya kuma miƙo hannu a ƙara masa. Hira ta yi daɗi. Na gane matarsa ta rasu, kuma a otel zai yini shi kaɗai. Mu kuwa ba ma barin mutum haka. Na ce ya zo mu ci abincin rana gidan wata innata. Ya dube ni da alfahari irin na ɗalibin da ya haddace darasi, ya ce, "To!"

Les Minguettes benaye ne tsaye reras a kan tudu, ƙarshen gari. Tun daga matakala muka ji ƙamshin daddawa. Hajiya ta buɗe ƙofa, mace mai jiki da murya, ta ce, "Lale, lale! Ɗan Maraɗi, ashe kuna iya zuwa wuri ba ku zo sayar da komi ba? Ina innarka? Ina gajiya? Ina sanyi?" Na ce Damagarawa dai ba a raba ku da baki. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, irin wadda na yi kewa. Sannan ta juya ga Kyaftin ta ce, "Sannu da zuwa." Ya ɗan rusuna ya ce, "To."

Hajiya ta tafa hannu. "La ilaha! Ashe Anasaran naka yana jin Hausa!"

Hajiya tana jin Faransanci sarai, a nan ta aurar da 'ya'yanta. Amma daga wannan lokacin ta ajiye shi gefe. Na buɗe baki zan gyara, sai wani abu ya ce mini in yi shiru, na kuwa yi shiru. Aka kawo tuwon shinkafa miyar kuɓewa da dambun zogale. Ta ce, "In ƙara maka, bawan Allah?" Ya ce, "To." Ta ƙara. "Kana cin yaji?" "To." Ta zuba masa irin zubin da ko ni ba zan ɗauka ba. Gemu ya jiƙe da gumi, ido ya yi ja, yana murmushi yana kallona in cece shi, ni kuwa na duƙufa a kan kwanona. Da lokacin azahar ya yi na shiga ɗaki salla, ina jiyo muryar Hajiya tana zuba, tana ambaton wata unguwa Stains da ke gefen Paris da sunan 'yarta Rabi, shi kuma yana jera mata "to" ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yafe mini, sallar nan ban yi ta da cikakkiyar natsuwa ba.

Da muka tashi tafiya Hajiya ta jawo wata ƙatuwar jaka mai layi-layi, ta danƙa wa Kyaftin a hannu, ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Allah shi kai ka lahiya." Muna sauka matakala ya tambaye ni mene ne wannan.

Na ce, "Yajin jego ne da daddawa da garin kunu. 'Yarta ta haihu a Stains. Ka ce za ka kai mata da hannunka in ka koma Paris. Ka kuma ce za ka je suna."

Ya tsaya cak. "Ni? Yaushe na ce haka?"

"Ta tambaye ka, ka ce to."

"Ban gane ko kalma guda ba!"

"Me ya hana ka ce ta maimaita da Faransanci, Kyaftin?"

Ya ce, "Haba, dattijuwa ce, a gidanta nake, tana ta murna. Ta yaya zan katse ta in ce..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi jakar, ya dube ni, jan da yaji ya sa wa fuskarsa ya soma washewa. Muka sauko har ƙasa. Sai a bakin titi ya tambaye ni, a hankali, yaya ma sunan mutumin nan na tasharmu. Na ce Isuhu. Ya maimaita sunan har ya faɗe shi daidai.

Washegari da safe aka kai mu bakin kogi, wurin wani kamfani da ke sauke yashi da tsakuwa, don mu ga yadda suke ɗaure dogayen jiragensu. Ma'aikatan duk Faransawa ne, sun ƙware, komai tsaf. Kyaftin ya karɓi rediyon hannu guda ya kara a kunne. Shugaban aikin ya ba da umarni cikin ƙarar inji, wani ma'aikaci daga can ƙarshen jirgi ya amsa, "Ouais, ouais," wato "to, to" irin tasu. Nan take Kyaftin ya ɗaga hannu ya tsayar da aiki. Ya taka har wurin mutumin, mu muna biye, ya tambaye shi abin da aka ce masa. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce ya ji an ambaci igiya, ya ɗauka ta gaba ake nufi, tunda kullum da ita ake farawa. Ta baya aka ce, wadda yake tsaye kusa da ita. Ba abin da ya faru, gwaji ne, igiyar ma ba a ja ta ba. Amma na ga 'yan kwamitin nan sun dubi juna, ba kuma wanda ya yi dariya.

A zaman ƙarshe ban ma yi magana ba. Kyaftin ne ya miƙe, ya ce a Paris ya yi kuskure, ya ɗauka matsalar wani harshe ce can nesa, alhali kowane harshe yana da tasa "to". Ya ba su labarin tuwo da yaji, ya nuna jakar Hajiya da ke jingine a kusurwar zaure tana ba da ƙamshinta. Sannan ya karanta shawarata, ya ƙara mata abin da ni ban yi zato ba: cewa wanda ya ba da umarni shi ke da alhakin jiran a maimaita masa, kuma in ya sa aka ja bai jira ba, laifin nasa ne, ba na mai igiya ba. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. 'Yar yarinyar nan mai kiran sa da sunansa ta ce a tsakaninsu dai sunan wannan sashe "dokar To". Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na shiga banɗaki na wanke fuska don kada a ga idona, na fito ina gaisawa da kowa hannu bibbiyu, har da waɗanda na riga na gaisa da su.

A jirgin komawa Paris mutane suka yi ta waige suna neman inda warin daddawa ke fitowa, Kyaftin ya rungume jakarsa ya kalli taga kamar ba shi ba. Ya kai ta Stains da kansa. Lawali ya ce ya je sunan ma, an ba shi hula, kuma duk wanda ya yi masa Hausa sai ya ce, "Maimaita." Ita ce kalmarsa ta biyu.

Da na iso gida ban zauna ba sai da na hau mota zuwa Tasawa. Na tarar da Malam Isuhu a ƙofar gida, ƙarƙashin itacen bedi, sandunansa jingine da bango, yana tufka igiyar rama. Muka gaisa, aka kawo ruwa, na ba shi labari tun daga kare har zuwa ɗaga hannu. Na gaya masa cewa ƙa'idar za ta bi tashoshi, tamu ma za ta iso, kuma a rubuce take cewa wanda bai jira a maimaita masa ba shi ne mai laifi. Na gaya masa wani tsohon kyaftin a Faransa ya san sunansa.

Ya dubi igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, "To."

Na ce, "Malam, ai an hana wannan yanzu."

Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin riga. Sannan ya ajiye igiyar, ya gyara zama, ya dube ni sosai.

Ya ce, "Ka ce ba wauta na yi ba. Ka ce sun ji. Haka ka ce?"

Na ce, "Haka na ce, Malam."

Ya ce, "Yanzu a ja."